Furotin na Madara da Hawan Jini: Ina Matsayin Nono da Kindirmo?

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan rubutu wata gardama ce da aka yi a gidanmu lokacin hutun ƙarshen zango. An auna wani kawuna a asibiti, aka ce yana da hawan jini, aka ɗora shi a kan magani. Shi kuwa mutum ne wanda tun tasowarsa bai san wani abincin rana ba in ba fura da nono ba. Kafin a yi kwana uku masu ba da shawara sun rabu gida biyu. Wasu suka ce lalle ya bar nono, domin maiƙo ne, maiƙo kuwa shi ke toshe jijiya. Wasu suka ce sam, ai sun ji an ce Turawa sun gano nono maganin hawan jini ne, saboda haka ya ƙara yawan wanda yake sha, ƙwayar asibiti ma ya huta da ita. Da aka juyo gare ni, a matsayina na wanda ake cewa yana jami'a, sai na rasa ta cewa.

Da na komo makaranta na shiga neman abin da masana kimiyya suka rubuta a kan lamarin, sai na tarar kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, amma shawarar da kowanne ya gina a kan nasa yankin tana iya cutarwa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana, da Hausa, yadda furotin ɗin da ke cikin madara yake taɓa matsin jini da lafiyar zuciya, da kuma iyakar ƙarfinsa. Inda na rasa kalma na ari ta kimiyya na yi mata kwaskwarima, ko na ƙirƙiro wata. Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su ne alƙalan ko ƙirƙirar ta yi.

Madara da Abin da ke Cikinta

Bahaushe bai rasa kalmomi a wannan fage ba. Abin da aka tatso yanzu shi ne madara. Idan ta kwana ta yi tsami ta daskare da manta a ciki, ta zama kindirmo. Idan aka kaɗa aka cire man shanu, abin da ya rage shi ne tsala. Kalmar nono kuwa ta game su duka, har ma da maman da ke ba da shi, ko da yake a bakin 'yan kasuwa nono shi ne mai tsami. Wannan rarrabewa tana da amfani a nan, domin kamar yadda za mu gani, batun tsami da batun mai su ne ginshiƙan zancen.

Madarar saniya yawancinta ruwa ne, kimanin kashi 87 cikin 100. Sauran ya ƙunshi mai, da sukarin madara, da ma'adinai irin su kalsiyam da fotasiyam, da kuma furotin, watau sinadarin da ke gina tsoka, wanda bai cika wuce giram 33 zuwa 35 a lita guda ba. Shi wannan furotin gida biyu ne. Kimanin kashi 80 cikin 100 nasa shi ne wanda ke curewa ya yi gudaji idan madara ta yi tsami, ko idan aka zuba mata ruwan tumfafiya kamar yadda Fulani mata ke yi wajen yin cuku mai laushi. Masana suna kiransa kesin. Sauran kashi 20 shi ne wanda ba ya curewa, yana zama a cikin ɗan tsararon ruwan nan mai fatsi-fatsi da ke tsatsowa a saman kindirmo. A wannan maƙala zan kira shi furotin na ruwa.

Domin a fahimci abin da ke tafe, sai a ɗauki kowane furotin tamkar doguwar jigida wadda aka shirya da tsakiya iri 20. Kowace tsakiya ita ce ake kira amino asid. Ɗaya daga cikin nau'o'in kesin, wanda ake kira beta-kesin, jigida ce mai tsakiya 209. Muddin jigidar tana nan a haɗe, abinci ce kawai. Amma idan aka tsinka ta, ko dai a cikin hanji, ko kuma ƙwayoyin halittar da ke sa madara tsami suka tsinka ta tun tana ƙwarya, sai a sami gutsattsari masu tsakiya biyu, ko uku, ko goma. Wasu daga cikin waɗannan gutsattsari suna da wani aiki a jiki wanda uwar jigidar ba ta da shi. A nan ne labarin hawan jini ya shigo.

Yadda Jiki ke Ɗaga Matsin Jini

Matsin jini shi ne ƙarfin da jini ke tunkuɗar bangon jijiya da shi. Ana auna shi da milimita na zaiba, a ba da lamba biyu: ta sama lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa lokacin da ta saki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mutum yana da hawan jini idan aka auna shi a ranaku biyu dabam aka sami ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90. A rahotonta na 2023 hukumar ta ce masu wannan larura sun kai kimanin biliyan 1.3, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da ita ba. Ƙarshenta kuwa sananne ne: shanyewar ɓarin jiki, da gazawar zuciya, da lalacewar ƙoda.

Jiki yana da hanyoyi da dama na daidaita wannan matsi, amma guda ɗaya ce ta shafe mu. A shekarar 1898 wani masani ɗan ƙasar Finlan mai suna Robert Tigerstedt, tare da ɗalibinsa Per Bergman, suka tace wani sinadari daga ƙodar zomo, suka ga idan an yi wa wani zomon allurarsa jininsa yakan hau. Suka sa masa suna renin. Daga baya aka gane cewa idan ƙoda ta ji jinin da ke zuwa mata ya ragu, sai ta saki renin. Shi kuma ya yanko wani gutsure mai tsakiya 10 daga wani furotin da hanta ke yi. Wannan gutsure, anjiyotensin na ɗaya, ba shi da wani ƙarfi. Sai ya ratsa ta jijiyoyin huhu, inda wani sinadarin ke datse masa tsakiya biyu, ya zama anjiyotensin na biyu, wanda ke tsuke jijiyoyi, ya kuma sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Leonard Skeggs da abokan aikinsa a Amurka su ne suka gano wannan sinadari mai datsewa a 1956. Likitoci suna taƙaita sunansa da ACE. Ni zan kira shi majuyi, tun da aikinsa ke nan, juya marar ƙarfi ya zama mai ƙarfi. Ashe ke nan duk abin da ya toshe bakin majuyi zai iya sassauta jijiya, matsi ya sauka.

Wani abin mamaki shi ne, maciji ne ya fara nuna wa mutane yadda ake toshe shi. A ƙasar Birazil akwai wani maciji dangin kasa da kububuwa, ana ce masa jararaka, wanda idan ya sari mutum jininsa kan faɗi warwas. A 1965 Sergio Ferreira ya tace wasu gutsattsarin furotin daga dafinsa, aka kuma gane daga bisani cewa majuyi suke toshewa. A kan wannan ne David Cushman da Miguel Ondetti suka gina maganin kaftofiril, wanda aka amince da shi a Amurka a 1981. Shi ne kakan lisinofiril da sauran danginsa da ake rubuta wa majiyyata a asibitocinmu. Sai mai karatu ya riƙe wannan: ɗaya daga cikin gutsattsarin dafin, mai tsakiya 9, yana ƙarewa ne da tsakiya uku, aisolusin da furolin da furolin, waɗanda ake taƙaitawa da IPP.

Daga Dafin Maciji zuwa Ƙwaryar Nono

A 1982 wasu masana biyu na Japan, Maruyama da Suzuki, suka tsinka kesin da wani sinadarin narkar da abinci, suka sami gutsuren da ke toshe majuyi a cikin kwalbar gwaji. Amma abin bai yi tashe ba sai da wani kamfanin abin sha ya shigo ciki. Kamfanin Calpis yana sayar da wani tsamin nono tun 1919. Wanda ya kafa shi, Kaiun Mishima, ya samo dabarar ne daga makiyayan Mongoliya, bayan ya sha nononsu mai tsami a wata tafiya da ya yi can. Watau dai asalin abin daga ruga yake, ko da yake ba irin tamu ba. A 1995 Nakamura da abokan aikinsa suka tace gutsattsari biyu daga wannan nono, kowanne mai tsakiya uku. Ɗaya shi ne VPP, watau balin da furolin da furolin. Ɗayan kuwa IPP ne, wutsiyar gutsuren dafin jararaka sak. Duka biyun suna kwance a cikin jigidar beta-kesin tun saniya na ba da madara. Tsami ne ya kwance su.

Ba kowane tsami ba ne, kuma wannan muhimmi ne. Ƙwayar halittar da ta yi aikin ita ce Lactobacillus helveticus, wadda aka fi sani wajen yin cukun ƙasar Suwizalan, daga nan ma ta samo sunanta. Ta fi yawancin takwarorinta iya tsinka furotin. Ƙwayoyin da ake yin yogot na kanti da su ba su kai ta ba a wannan fanni. Dalilin da ya sa aka ɗora rai a kan waɗannan gutsattsari biyu kuwa shi ne, furolin tsakiya ce mai taurin kai, sinadaran hanji ba su cika iya raba ta da maƙwabciyarta ba, saboda haka ana sa ran gutsuren zai tsallaka cikin jini da ransa.

Da aka shayar da ɓerayen gwaji masu gadon hawan jini, matsinsu ya sauka. Daga nan aka koma kan mutane. A 1996 Hata da abokan aikinsa suka ba da rahoton gwaji a kan tsofaffi 30 masu hawan jini, yawancinsu suna kan magani. Waɗanda aka riƙa ba mililita 95 na tsamin nonon kullum har mako 8, lambarsu ta sama ta sauka da kimanin 14. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙwayar magani guda ɗaya takan saukar da 8 zuwa 10 ne a bisa matsakaici. A Finlan ma kamfanin Valio ya fito da nasa mai suna Evolus, kuma wani gwaji da aka buga a 2003, na mutum 39 da suka sha mililita 150 kullum har mako 21, ya nuna bambancin kusan 7 a lambar sama. Ina kyautata zaton daga irin waɗannan rahotanni ne zancen ya biyo iska har ya iso zauren gidanmu.

To, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. A 2008 Engberink da abokan aikinta na jami'ar Wageningen a ƙasar Holan suka yi gwaji a kan mutum 135 na tsawon mako 8, ta yadda mai sha da mai aunawa duka ba su san wa aka ba na gaske, wa aka ba wanda babu gutsattsarin a ciki ba. Ba su ga wani bambanci ba, a matsin jini ko a aikin majuyi a cikin jini. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi aka auna su gaba ɗaya, kamar yadda Fekete da abokan aikinta suka yi a 2015, sai saukar ta tsaya a kimanin 3 a sama da 1.5 a ƙasa. Har wa yau, gwaje-gwajen Japan su ne suka ja adadin sama. A na Turai saukar ba ta wuce 1 da 'yan kai ba. A 2012 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta duba hujjojin, ta ce ba su isa a rubuta a jikin kwalba cewa IPP da VPP suna daidaita matsin jini ba.

Me ya kawo wannan tazara tsakanin 14 da 1? Masana sun kawo dalilai. Gwaje-gwajen farko ƙanana ne, ƙaramin gwaji kuwa ya fi saurin ba da sakamako mai armashi bisa katari, kuma wanda ya ba da armashi shi ake ɗoki a buga. Da yawa daga cikinsu kamfanonin da ke sayar da kayan ne suka ɗauki nauyinsu. Sa'an nan mutanen Holan da ma can masu shan madara da cin cuku ne ƙwarai, ta yiwu ƙarin bai tarar da gurbi ba. Amma a ganina dalilin da ya fi nauyi shi ne na lissafi. An auna a jikin aladu aka ga abin da ke isa cikin jini daga waɗannan gutsattsari bai wuce kimanin kashi 1 cikin 1000 na abin da aka haɗiye ba, kuma ba ya daɗewa a can. Daɗin daɗawa, ko a cikin kwalbar gwaji kaftofiril ya fi su ƙarfi sau ɗaruruwa. Abin da ya fi rauni sau ɗaruruwa, kuma ɗan ƙyas daga cikinsa ke isa inda ake bukata, ba a sa ran ya yi aikin magani.

Furotin na Ruwa, da Madara Ɗungurungum

Shi ma furotin na ruwa an gwada shi. A jami'ar Reading ta Ingila, a wani gwaji da aka buga a 2016, an ba mutum 38 masu ɗan hawan jini giram 56 na garinsa kullum har mako 8. Lambar sama ta sauka da kusan 4, ta ƙasa da 2.5, kuma jijiyoyinsu sun ƙara iya buɗewa. Sai dai a yi lissafi: tun da lita guda ta madara ba ta ɗauke da fiye da giram 6 zuwa 7 na wannan furotin, kafin mutum ya sami giram 56 sai ya sha lita 8 ko 9 a yini. Ko ɗan maraƙi sai ya yi da gaske.

Wani gwajin da ya fi wannan girma shi ne na Jiang He da abokan aikinsa na jami'ar Tulane a Amurka, a 2011. Mutum 352 aka riƙa ba giram 40 na furotin na madara, ko na waken suya, ko kuma garin sitaci, kowanne na mako 8. In aka kwatanta da sitaci, na madara ya saukar da lambar sama da 2.3, na waken suya da 2.0. Wannan sakamako yana da daɗi ga talaka, domin yana nuna cewa wani ɓangare na amfanin ba sirrin saniya ba ne, musanya sitaci da furotin ne, kuma awara ma tana iya yin kusan abin da madara ta yi.

Kada kuma a manta madara ba furotin ce kaɗai ba. A shahararren gwajin nan na DASH, wanda Lawrence Appel da abokan aikinsa suka buga a 1997, an ciyar da mutum 459 abinci iri uku na mako 8. Waɗanda aka ƙara wa ganyaye da 'ya'yan itatuwa kaɗai, lambarsu ta sama ta sauka da 2.8. Waɗanda aka haɗa musu da madara da yogot marasa mai sosai, aka kuma rage musu kitse, tasu ta sauka da 5.5, a cikinsu kuwa masu hawan jini ta sauka da 11.4. Ba za a iya tsame rabon furotin daga rabon kalsiyam da fotasiyam da ragin kitse a nan ba, tun da tare aka ba da su. Abin lura dai shi ne, fiye da rabin mutanen baƙaƙen fata ne na Amurka, kuma su ne suka fi amfana.

Game da ita zuciyar kanta, hujjar da ake da ita ta bibiya ce, ba ta gwaji ba. Binciken PURE, wanda aka buga a 2018, ya bi mutum fiye da 136,000 a ƙasashe 21 na kimanin shekara 9, ya ga masu shan madara da danginta fiye da sau biyu a yini sun fi waɗanda ba su sha sam ƙarancin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Amma a ƙasashe matalauta mai shan madara sau biyu a yini yawanci shi ne mai hali, mai hali kuwa shi ke zuwa asibiti. Masu binciken sun yi ƙoƙarin cire wannan daga lissafi, sai dai ba a iya cire shi tsaf.

Shin saukar 2 ko 3 abin rainawa ce? Ga al'umma, a'a. Wani babban nazari na 2021 ya nuna cewa duk saukar 5 a lambar sama tana rage haɗarin manyan cututtukan zuciya da jijiya da kimanin kashi 10 cikin 100. Idan gari guda kowa ya sauka da 2, za a sami gidaje da dama da shanyewar jiki ta tsallake. Amma ga mutum ɗaya wanda lambarsa take 170, saukar 3 ta bar shi a 167, yana nan dai a bakin rijiya.

Mu fa, Ina Muka Tsaya?

Akwai abubuwa uku da suka sa bai kamata mu kwaso sakamakon Japan ko Finlan mu ɗora a kan ƙwaryar 'yar Fulani kai tsaye ba.

Na farko ya shafi jikinmu. Likitoci sun daɗe da sanin cewa hawan jinin baƙar fata sau da yawa ba na yawan renin ba ne, na riƙe gishiri ne, saboda haka magungunan da ke toshe majuyi, idan su kaɗai aka ba da, ba su cika yi mana aiki kamar yadda suke yi wa Turawa ba. Gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta aka buga a 2019, ya ƙunshi majiyyata 728 a ƙasashen Afirka 6, ya kuma nuna haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jini a kan haɗin mai toshe majuyi da mai sa fitsari. To, idan maganin da aka ƙera musamman domin toshe majuyi yana da rauni a jikinmu, ina ga ɗan gutsuren kesin? Ni dai ina ganin in nono zai taimaki Bahaushe, ta hanyar da DASH ya nuna ce, watau a matsayin abinci mai furotin da kalsiyam da fotasiyam wanda ya maye gurbin wani abu mai gishiri ko sitaci zalla.

Na biyu ya shafi shi nonon. Tsaminsa na gado ne: a tafasa madara, ta huce, a zuba ɗan tsohon nono a matsayin iri, a rufe ta kwana. Ƙwayoyin da ke ciki sun danganta da ƙwarya da yanayi da hannun mai yi. Wani bincike da aka buga a 2013 a kan nonon Fulani na arewacin Gana, wanda can ake kira nunu, ya tarar da Lactobacillus helveticus a cikin ƙwayoyin, amma ba ita ce ta fi yawa ba. Ke nan na wannan ruga dabam, na waccan dabam. Ga kuma abin da kowa ya sani na wasu masu talla, lokacin rani idan shanu sun ƙafe, a tsinka tsala da ruwa a kaurara ta da garin 'ya'yan kuka. Wannan ko ba ta cutar ba, furotin ɗinta ya ragu.

Na uku shi ne mai, kuma a nan ne masu cewa kawu ya bar nono suke da tasu hujjar. Man shanu kitse ne irin wanda ke ɗaga mugun kolestarol. Gaskiya ne cewa a 2001 Robert Glew da abokan aikinsa sun auna Fulani makiyaya fiye da 100 a tsaunukan Jos, suka tarar kusan rabin ƙarfin da suke samu daga abinci daga mai yake, amma duk da haka kitsen jininsu lafiya lau. Sai dai su waɗannan mutane ne da ke wuni a ƙafa bayan shanu, cinsu kaɗan, jikinsu ba teɓa. Ɗan kasuwar da ke wuni zaune a rumfa ba zai ari sakamakonsu ya bar tafiyarsu ba. A nan harshenmu ya riga ya yi mana rabin aiki, domin abin da masu gwajin DASH suka ba mutanensu, madara mai tsami wadda aka rage wa mai, shi ne muke kira tsala. Kaɗawa man take cirewa. Kesin da furotin na ruwa da kalsiyam suna nan a ciki.

Ya kamata in taɓo wata magana da ta fara yawo, cewa madarar shanunmu ta fi ta shanun Turai lafiya ga zuciya. Asalinta shi ne, beta-kesin iri biyu ne, A1 da A2, bambancinsu tsakiya ɗaya ce tak, ta 67. Shanu masu tozo, dangin bunaji da rahaji da bokolo, galibi A2 suke bayarwa. Wasu masana a Niyu Zilan sun yi zargin A1 yana da hannu a ciwon zuciya, amma hukumar nan ta Turai ta duba a 2009 ba ta sami hujjar da ta tabbatar da haka ba.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne abin da birni ya mayar da madara. Yawancin garin madarar da ake aunawa a kasuwa an cire masa man saniya an sa man itatuwa, galibi na kwakwar manja, kuma furotin ɗinsa bai kai na cikakkiyar madara ba. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi kuwa fiye da kashi 40 cikin 100 nata sukari ne. Wanda ya sha shayi mai kauri da burodi da safe, ya dama fura da rana ya zuba mata sukari cokali huɗu, da dare ya ci miyar da ta sha gishiri da dunƙule, ba zai ce yana bin tafarkin DASH ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, watau ƙasa da ƙaramin cokali guda, kuma rage kimanin wannan adadi kan saukar da lambar sama ta mai hawan jini da wajen 5, fiye da matsakaicin abin da aka samu daga gutsattsarin kesin. Kanwa ma sodiyam ce. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka danganta yawan gazawar zuciya ga masu jego a Zariya da shan kunun kanwa da zafin wankan jego.

Da na koma gida a hutun da ya biyo baya na tarar kawu ya bi shawarar ɓangare na biyu har na wata guda: ya ajiye ƙwaya, ya riƙe kindirmo safe da yamma. Ciwon kai ne ya mayar da shi asibiti, inda aka auna aka ga lambar ta fi ta farko, likita ya yi masa faɗa ya mayar da shi kan magani. Na zauna na yi masa bayanin abin da na karanta gwargwadon iyawata, ban ambaci jararaka ba don kada in tsorata shi. Muka daidaita a kan ya ci gaba da furarsa, amma da tsala maimakon kindirmo, daga wurin mai nonon da aka san tana tafasa madararta, saboda tarin fuka da bakkale da ɗanyar madara ke iya ɗaukowa daga shanu. Sukari cokali ɗaya, man shanu sai ranar Juma'a, gishirin miya a rage. Ƙwaya kuwa kullum bayan sallar asuba, awo kuma duk ƙarshen wata. Inna ta ce batun gishiri sai dai a riƙa yi masa tukunyarsa dabam, domin sauran mutanen gida ba za su ci lami ba.